SIRDIN KEKE MAI HAWA DA SAUKA: DABARAR MAHAYAN DUWATSU

Duk wanda ya taɓa sayen keke, ko Raleigh ne ko Phoenix, ya san aikin da ake fara yi kafin a hau. Akan kai wa mai gyara ya sa sifana ya kwance noti, ya ɗaga sirdi ko ya sauke shi daidai tsawon mai keke, sa'an nan ya ɗaure tamau. Daga ran nan sirdi ya sami mazauni ke nan, wani har keken ya tsufa ba a sake taɓa shi ba.

Amma a wurin masu wasan hawan keke cikin duwatsu da dazuzzuka a Amurka da Turai, abin ya sha bamban. Su a tafiya guda mutum yakan sauke sirdinsa ya ɗaga shi sau da yawa, yana bisa keke, bai tsaya ba, bai kuma ɗauke hannu daga kan keke ba. Abin da ke ba su ikon yin haka wata sandar sirdi ce da ke shigewa cikin kanta ta sake fitowa, wadda Turawa ke kira dirofa.

INDA MATSALAR TAKE

Mai hawa tudu yana bukatar sirdi dogo, yadda in feda ta kai ƙasa ƙafarsa za ta kusa miƙewa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Idan sirdi ya yi ƙasa ainun, ƙarfi yana tafiya a banza, gwiwa kuma ta yi ta ciwo.

To, amma da an kai ƙarshen hawa aka fuskanci gangara mai duwatsu, sirdin nan dogo sai ya zama abokin gaba. Yana riƙe mahayi a sama, nauyinsa ya rinjaya gaba. Da ƙafar baya ta daki dutse sai sirdi ya bugo shi, da ƙafar gaba ta cije sai ya wuntsila ta bisa kan keke. Irin wannan faɗuwa ita ce takan karya ƙashin kafaɗa da wuyan hannu. Watau tsawon da ya yi wa hawa daidai shi ne ke jawo hatsari a gangara. In kiɗa ya sauya, tilas rawa ta sauya.

ASALIN ABIN

Wasan hawan keke cikin duwatsu ya samo tushe ne a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya, arewa da birnin San Faransisko. Ran 21 ga Oktoba 1976 waɗansu samari suka fara tseren gangara a wata hanyar daji kusa da garin Fairfax, mai tsawon wajen mil 2, wadda ke sauka ƙafa 1,300. Tsofaffin kekuna suke hawa masu birki a cibiyar ƙafar baya. Saboda tsananin gangarar, giris ɗin birki yakan ƙone har ya yi hayaƙi, sai an sake cusa wani bayan tsere. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack.

Ɗaya daga cikin samarin nan, Joe Breeze, shi ne ya ƙera keken da aka yi musamman domin wannan wasa a 1977. A 1984 kuma shi da Josh Angell suka fito da wani sifirin da suka kira Hite-Rite, wanda ake ɗaurawa tsakanin sandar sirdi da jikin keke. Mahayi ya kai hannu ya saki maɗaurin sirdi, ya zauna ya danne shi ƙasa, ya kulle. In yana son sirdi ya komo sai ya sake saki ya ɗaga jikinsa, sifirin ya mayar da shi tsawonsa na da. Dabarar ta yi kyau, sai dai dole mutum ya saki hannu guda yana cikin gudu.

A 2003 wani kamfani a Jihar Montana ya fito da Gravity Dropper, mai sifirin a ciki da ɗan ƙarfen kulle wanda ake ja da waya daga kan keke. A 2010 kamfanin RockShox ya kawo Reverb, mai aiki da mai da iska, kuma daga nan abin ya bazu. A 2019 kamfanin ya fitar da irin wadda ba ta da waya sam, sai batir. Yau da wuya a ga sabon keken hawan dutse mai daraja ba tare da dirofa ba, har ma a wurin masu tseren duniya waɗanda da suke gudunta saboda nauyi.

YADDA TAKE AIKI

Wanda ya taɓa zama a kujerar ofis mai hawa da sauka ya riga ya fahimci rabin abin. Bututu biyu ne, ƙarami cikin babba. A ciki akwai iska da aka matse, wadda kullum ke tura sirdi sama, da mai wanda ke riƙe shi inda aka tsayar. A kan keke, wajen babban yatsan hagu, akwai ɗan ƙarfe kamar kunamar bindiga. In an danna shi, ƙofar mai ta buɗe, sirdi ya sami halin motsi. In an saki, ƙofa ta rufe, sirdi ya tsaya cak.

Abin lura shi ne, yawancinsu ba su sauka da kansu. Sai mahayi ya danna kunama ya kuma zauna da nauyinsa. Komowa sama kuwa, dannawa kawai zai yi yana tsaye bisa feda. Nisan saukar yakan kama daga milimita 100 zuwa fiye da 200, watau daga inci 4 zuwa 8 ko sama da haka.

LOKACIN SAUKEWA

Gwanayen wasan sun haɗu a kan cewa a sauke sirdi tun kafin a shiga gangara. Wanda ya bari sai ya tsunduma cikin duwatsu sa'an nan ya nemi zama ya danne sirdi, ya zauna a daidai lokacin da ya kamata yana tsaye. Saboda haka idon mahayi yana can gaba, yatsansa kuma na bin abin da ido ya gani.

Bayan sirdi ya sauka, ba zama ake yi a kansa ba. Mahayi zai miƙe bisa feda, fedojin biyu a daidaita, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙugu ya yi ƙasa a tsakiyar keke. A da, sa'ad da sirdi ba ya sauka, mahaya sukan ja jiki can bayan sirdi har hannu ya miƙe. Wannan yana rage nauyin da ke kan ƙafar gaba, keke ya ƙi jin juyi. Da dirofa ba a bukatar haka sai a gangara mai tsanani ƙwarai.

Har ila yau tana da amfani a kwana, domin mahayi yana iya kwantar da keke gefe ba tare da sirdi ya tokare masa cinya ba. A hawa mai duwatsu waɗansu sukan sauke shi kamar inci ɗaya don jiki ya sami walwala. Ga ɗan koyo kuwa, babban alherinta shi ne in abu ya rikice zai iya dira ƙafa ƙasa nan take. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata mutum ya saba da ita a fili shimfiɗaɗɗe har yatsa ya riƙa dannawa ba tare da tunani ba.

RANAR DA TA CI TSERE A ITALIYA

Masu tseren kwalta sun daɗe suna ganin wannan abu na 'yan daji ne. Ran 19 ga Maris 2022 aka nuna musu ba haka ba ne. A tseren Milan zuwa San Remo, mai tsawon kusan kilomita 300, wani ɗan ƙasar Sulobeniya, Matej Mohorič, ya sa dirofa a kekensa. Da ma tun watan Afrilu 2021 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana mahaya zama a kan sandar tsakiyar keke domin ƙara gudu a gangara. Mohorič ya nemi hanyar yin ƙasa da jikinsa ba tare da karya doka ba.

Da aka kai ƙolin tudun Poggio, saura 'yan kilomita a gama, sai ya sauke sirdi ya faɗa kwanonin gangarar da gudun da ya gagari sauran. Har ya kauce ya shiga lambatun gefen hanya, ya sake tsallowa kwalta. Ya isa San Remo da ratar daƙiƙa 2 tsakaninsa da Anthony Turgis na Faransa. Bayan tseren hukumar ta tabbatar cewa dokarta ba ta hana wannan sanda ba.

GA MAI NIYYAR SAYE

A cikin kekunan hannu da ke shigowa Ikko daga Turai da Amurka akan ci karo da masu irin wannan sanda. Mai saye, ko mai sarar kekuna ya kai gida Arewa, yana da abubuwan dubawa. Na farko kauri, domin ramin sirdi ba ɗaya ba ne a kowane keke. Waɗanda aka fi samu su ne milimita 27.2 da 30.9 da 31.6 da 34.9. Na biyu tsawo. In sanda ta miƙe duka, lalle sirdi ya tsaya daidai tsawon tuƙin mai ita. Wadda ta fi ƙarfin ƙafarsa ba ta da amfani gare shi, kome kyaunta.

Na uku, a miƙar da ita a danna da ƙarfi. In ta nutse kamar soso, iska ta gauraya da mai, sai an yi gyara, kayan gyaranta kuwa ba kowane mai gyaran keke ke da su ba. A duba bututun sama kada ya kasance da karce, domin karce yana cinye robar da ke tsare mai. Ɗan motsi kaɗan hagu da dama ba laifi ba ne. A tuna kuma ta fi sandar da aka saba nauyi da tsada, ga shi araha ba ta ado.

Kulawarta ba wuya. A goge bututu da tsumma mai laushi bayan kowace tafiya, balle lokacin ƙurar hunturu ko taɓon damina. Kada a shafa mata baƙin mai ko fetur. Kada a ɗaga keke ta sirdi alhali yana sauke, domin haka ke jawo iska cikin mai. Kada a ɗaure notin maɗauri fiye da kima, sai ta cije. In za a ajiye keke, a bar sirdi a sama.

Wanda tafiyarsa daga gida zuwa kasuwa ce bisa kwalta, sifana da noti sun ishe shi. Amma wanda ke nufin tsaunukan Jos ko tuddan Inugu da keke, dirofa za ta ba shi sarari ya sarrafa jikinsa. Ba ta maye gurbin birki mai kyau da hular kwano ba, ba ta kuma koya wa mutum hawa. Saboda haka mai ita ya fara da ƙananan gangara tukuna, sannu ba ta hana zuwa.