Hukuncin Bashi a Kotunan Ingila da Rajistar Shekara Shida

A Ingila da Wales, idan mutum ya ci bashi ya kasa biya, mai bin sa yakan kai ƙara kotun gunduma, wadda aka kafa tun 1846 domin ƙananan shari'o'in kuɗi. Hukuncin da take yankewa shi ne wanda kowa ke kira CCJ a taƙaice. Skotland tana da nata tsarin daban, ba za mu shiga ciki ba. Na zaɓi Ingila ne domin a can dangantakar hukuncin kotu da tarihin bashin mutum ta fi fitowa fili, kuma 'ya'yanmu masu zuwa karatu ko aikin asibiti suna faɗawa wannan rami ba tare da sun san an haƙa shi ba.

Matakan ba su da yawa. Mai bin bashi yakan aiko da wasiƙar gargaɗi ya ba da kwana 30. In ya ji shiru, sai ya shigar da ƙara, sammaci ya zo ta gidan waya, galibi daga wata cibiya da ke garin Northampton. Wanda ake ƙara yana da kwana 14 ya amsa, ko ya ce eh ana bin sa ga abin da zai iya biya duk wata, ko ya ce ba a bin sa ga hujjarsa. Idan ya sanar da kotu cewa takarda ta iso shi kuma zai kare kansa, wa'adin ya koma kwana 28. Idan bai ce komai ba, mai ƙara ya nemi hukunci, a ba shi. Babu zama, babu shaidu, babu alƙalin da ya duba ko bashin na gaskiya ne. Galibin hukunce-hukuncen bashi a ƙasar ta wannan hanya ake samun su.

Me ke sa mutum ya ga takardar kotu ya tura ta ƙarƙashin katifa? Tsoro, kuma tsoron abin da babu shi. Har gobe za ka ji mai ilimi yana cewa in ka amsa cewa ana bin ka za a kai ka gidan yari. Wannan magana ta tsufa da fiye da shekara 150, ya kamata a ce an binne ta.

Gaskiya ne an yi zamanin da ake ɗaure mutane a kan bashi, kuma ba abin da ya fi nuna munin abin kamar labarin gidan su Charles Dickens, shahararren marubucin nan. A 1824 aka kama mahaifinsa John, magatakarda a ofishin biyan albashin sojojin ruwa, saboda fam 40 da sule 10 da wani mai gasa burodi ke bin sa. Aka kai shi kurkukun Marshalsea da ke kudancin kogin Thames a Landan. Irin waɗannan gidajen yari kasuwanci ne, fursuna shi ke biyan kuɗin ɗaki da na abinci, wato wanda aka ɗaure don ba shi da kuɗi kullum sabon bashi yake ci. Matar John da ƙananan 'ya'yansa suka tattara suka koma cikin kurkukun tare da shi, don ba su da abin biyan haya a waje. Charles, yaro ɗan shekara 12, aka bar shi yana liƙa takardu a jikin kwalaben man goge takalmi a wata masana'anta, sule shida a mako. Wata uku kawai uban ya yi a tsare, amma abin bai bar zuciyar ɗan ba har ya girma, ya gina littafinsa Little Dorrit a kan wannan kurkuku. An rufe Marshalsea a 1842, dokar 1869 kuma ta kawar da ɗaurin bashi in ban da 'yan wurare. Yau a Ingila ana iya ɗaure wanda ya ƙi biyan tarar kotu ko harajin ƙaramar hukuma da gangan, amma ba a ɗaure kowa don bashin banki, ko na katin bashi, ko na kamfanin waya.

Abin da ya maye gurbin kurkuku shi ne rajista. Da zarar an yanke hukunci, sunan mutum da adireshinsa da yawan kuɗin suna shiga rajistar hukunce-hukunce, wadda wata ƙungiya mai suna Registry Trust ke riƙe da ita tun 1985. Kowa na iya biyan 'yan kuɗi ya duba. Daga nan kamfanonin tattara bayanan bashi, Experian da Equifax da TransUnion, suke kwasa su liƙa a kundin mutum. Banki zai gani, dillalin gidan haya zai gani, kamfanin da za ka karɓi waya biya a hankali zai gani. Sunan zai zauna shekara shida cif daga ranar hukunci.

Ga ƙa'idar da nake so mai karatu ya haddace ko da ya manta sauran rubutun. Wanda ya biya kuɗin gaba ɗaya cikin wata ɗaya daga ranar hukunci, ya kai wa kotu shaidar biya, ana goge sunansa kwata-kwata, kamar ba a taɓa yin shari'ar ba. Wanda ya biya bayan watan ya wuce, ko da kwana ɗaya ne, sunansa yana nan har shekara shidan ta cika, sai dai a rubuta a gefensa cewa ya biya. Mutane suna ta cewa “ai na biya, me ya sa ba a cire ni ba?” Ba za a cire ba. Biyan yana da amfani, don mai ba da rance ya fi sakin jiki da wanda ya biya a kan wanda ya ƙi, amma gogewa ta watan farko ce kawai. Shi ya sa wanda yake da ɗan'uwa mai hali, watan nan ne lokacin ƙwanƙwasa ƙofarsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a nan.

Wasu kuma suna cewa gida ake sa wa baƙin fenti, wai in tsohon ɗan haya yana da hukunci, duk wanda ya shiga gidan ya gaji tabon. Ba haka ba ne. Kundin na mutum ne, ba na gini ba. Abin da ke haɗa kundinka da na wani shi ne asusu ko rance na haɗin gwiwa.

Amma adireshi yana da nasa sharrin ta wata fuska. Doka ta yarda a aika sammaci zuwa adireshin ƙarshe da aka san mutum da shi. A ce ɗalibi ya ajiye mota a filin wani kanti ya wuce lokaci, kamfanin da ke kula da filin ya nemi adireshin mai motar daga DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, aka ba shi tsohon gidan da ya bari. Ya canza adireshi a lasisin tuƙi, bai san takardar motar ma sai an canza ta daban ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa inda ba ya nan, aka yanke hukunci, watan alfarma ya wuce. Ba zai sani ba sai ranar da ya nemi rancen sayen gida aka ƙi shi. Abin ya yi yawa har gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a a kansa a 2017. A ganina zalunci ne a ɓata wa mutum shekara shida a kan ƙarar da bai taɓa jin labarinta ba.

Mafitarsa ita ce ya cika takarda mai lamba N244, ya roƙi kotu ta jingine hukuncin. Akwai kuɗin da ake biya, kuma alƙali zai duba abu biyu: ko yana da hujjar kare kansa ta gaske, da ko ya hanzarta bayan ya sani. In an jingine, suna ya fita daga rajista, shari'a ta koma farko. Wanda kuwa ya yarda ana bin sa amma biyan ya fi ƙarfinsa, N245 ce tasa, a rage abin da zai riƙa bayarwa. In aka ƙi biya, mai bin bashi yana iya neman a turo masu ƙwace kaya, ko a riƙa yanka daga albashi, ko a ɗora bashin a kan gida, ko a taɓa asusun banki. Cikar shekara shida tana fitar da suna daga rajista, ba ta kashe bashin ba.

Mu ma a Najeriya mun kama wannan hanya. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta tsara aikin kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, lambar BVN ta ɗaure asusun mutum wuri guda, kuma tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mai shi a wani bankin. Tsohuwar ɗabi'armu ta kai mai bashi caji ofis kuwa, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan rikicin kuɗi zalla. Wurin wannan magana kotu ne.

Wanda ke zaune a Ingila, shawara kyauta ce a StepChange da National Debtline da Citizens Advice, kada ya biya wani mai alƙawarin “wanke” masa kundi. Duk sanda ya tashi daga gida, ya sanar da bankinsa da DVLA da duk mai bin sa ko sisi, kuma ranar da takardar kotu ta iso ya buɗe ta ya ƙirga kwana 14.