Yadda intanet zai taimaka wa karatu a makarantun Keffi

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ke gudanar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta zalla. Don haka ɗalibin Keffi mai burin shiga Jami'ar Jihar Nasarawa, matuƙar bai saba da na'urar ba, yana iya faɗuwa ko da ya san amsa.

Sabon nan daga aji yake farawa. A 2022, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta, har da na Hausa. Da waya guda, malami zai kunna darasi, yara su saurara, su maimaita, sannan su rubuta.

Sai dai hakan na buƙatar lantarki, kuɗin data da horar da malamai.