BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Gyaran gida, dashen itace da shirin sayarwa

Idan damana ta ɗauke aka shiga kaka, dillalan gidaje na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba su samun zama. A lokacin ne ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki yake neman mai sayen gidansa, magada su zauna rabon abin da mahaifi ya bari, ɗan kasuwa kuma ya nemi ƙarin jari. Da yawa daga cikinsu hanya ɗaya suke bi: a sayo fenti, a kira yara su shafe bango cikin kwana biyu, a share ƙofar gida, sa'an nan a yanka wa gidan kuɗi mai tsada. Idan mai saye ya taya ƙasa da abin da aka sa rai, sai a ce dillali ne ya yi ha'inci.

Sau da yawa laifin ba na dillali ba ne. Darajar gida ana tara ta ne a cikin shekarun da aka yi ana zaune a cikinsa: yaɓen da aka sabunta a kan lokaci, iccen da aka dasa inda ya dace, da takardun da aka adana. Waɗannan abubuwa uku su ne mai saye mai hankali yake dubawa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake samarwa cikin mako guda.

Bango da rufi

A farkon watan Satumba na 2024, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Damanar wannan shekara ta ci rayukan mutane sama da 300 a Nijar, kuma da yawa daga cikinsu gini ne ya faɗa musu. Wannan ya isa ya nuna cewa kula da bango ba maganar ƙawa ba ce kawai, magana ce ta rai.

Ginin ƙasa yana da abokan gaba guda biyu: ruwan da ke sauka daga bisa da ruwan da ke kwanciya a gindi. Hadarin damana a wannan yanki daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa, kuma shi ya kamata a fara yi wa yaɓe kafin ruwan farko. Indararo kuwa dole ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gini. Wanda ya karye ko ya toshe da ganye yakan mai da ruwa cikin soro, ya jiƙa azara, har rufi ya lotsa. A gindin bango ana tara ƙasa a daddaɓe ta, a ba ta gangara zuwa waje, don kada ruwa ya sami wurin kwanciya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar tsaga da aka toshe da rani ta fi sauƙi bisa ga ɗakin da za a sāke tayarwa da kaka.

Magina na dā sun san maganin ruwa. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa ta da jar ƙasa su shafe bango. Suna haɗa katsi na marina da gashin jima da dafara su yi laso, wanda ake shafe rufin soro da shi. Da marina suka ragu, laso ya yi wuyar samu, sai mutane suka koma ga siminti. A nan ne ake yin babban kuskure. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma ba ya barin bango ya fitar da laima. Ruwa yakan shiga ta wata ƴar kafa ya zauna tsakanin siminti da tubali, ƙasa ta narke daga ciki alhali waje yana nan sumul, har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Mai saye da ya san gini yakan ƙwanƙwasa bango da yatsa. Idan ya ji amo kamar na ganga, ya san abin da ke ciki.

Kada a ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ce. Masallacin Yama da ke jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. A Dandaji kuma, a 2018, an kammala sabon masallaci da ɗakin karatu da birgin ƙasa matsattse, bisa tsarin Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na birgin siminti da rufin tol sanyi a watan Afrilu, kuma ba ya cin kuɗin kuran.

Adon waje da na ciki

Wanda ya zaga unguwar Birni ta Damagaram, garin da ya kasance babban birnin Nijar har 1926, zai ga fuskokin gidaje masu zane mai tudu, da dagi, da zankwaye a bisa kusurwoyi. Ana yin wannan zane ne tun yaɓe yana ɗanye, wani kuma a bi shi da launi. Magadan irin wannan gida sukan so kankare zanen su shafe da siminti, wai don gidan ya yi kama da na zamani. Yin haka hasara ce, domin bangon siminti kowa na iya samu, amma maginan da suka iya wannan zane sun yi ƙaranci. Abin da ya dace shi ne a nemi magini na gargajiya ya farfaɗo da shi.

A cikin gida, farar ƙasa ta wadatar. Tana haskaka ɗaki, tana da arha, kuma ba ta toshe numfashin bango kamar fentin mai. Daɓen da ya farfashe a sabunta shi, ƙyauren da ya saki a ɗaure shi, tagar da aka toshe da tsumma a buɗe ta iska ta shiga. Zaure shi ne fuskar mai gida. Idan ya zama wurin ajiyar tsofaffin buhuna da tayoyi, baƙo ya gama yanke hukunci tun bai ga tsakar gida ba. Makewayi da magudanar ruwan wanka su ma ana duba su, ko da mai saye bai ce komi ba.

Akwai abu guda da ya kamata a fayyace tun farko. Jeren kwanoni da tasoshi, gado, tabarmi da sauran kayan ɗaki mallakar matar gida ne, ba su cikin ciniki. Haka kuma ba a shigo da mai saye tsakar gida sai an sanar da iyali, an sa lokaci.

Wane icce, a wane wuri

Tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, kuma taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 ya ƙara wa wannan aiki ƙarfi. Amma dashe a cikin gida yana son lissafi fiye da dashe a bakin hanya, domin fili kaɗan ne, ruwa kuma na saye ne.

Dogon yaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya yake, shi ne sarkin inuwa a garuruwan Nijar. Da shi aka yi layukan tare iska na kwarin Majiya daga 1975. Yana jure fari, ba ya zama babu ganye, kuma idan ya kama ƙasa ba ya bukatar ban ruwa. Wurinsa shi ne ƙofar gida ko yammacin tsakar gida, inda zai tare zafin rana daga azahar zuwa la'asar. Sai dai a ba shi tazarar kamar mita 5 daga bango, da rijiya, da ramin makewayi. Ceɗiya da durumi inuwarsu ta fi kowace daɗi, amma saiwoyinsu na bin laima har ƙarƙashin gini, suna ɗaga daɓe, suna fasa bututun pompo. Wurinsu dandali ne. Iccen turare kuwa shan ruwansa ya yi yawa ga ƙaramin gida.

Itacen da ke ciyar da iyali sun fi dacewa da gefen da ruwan wanka da na alwala ke bi. Zogale yana ba da ganye cikin watanni kaɗan, kuma idan ana sare kansa a tsawon kamar mita 1 yakan yi rassa da yawa, hannu ya kai gare su. Lemun tsami da gwaba ba su cin wuri. Mangwaro mai aure yana soma ɗiya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan daɗe fiye da haka, kuma dukansu suna son ruwa sosai a shekarun farko. A gari irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa sananne ne, gara mutum ya dasa icce biyu da zai iya shayarwa da ya dasa goma su bushe a watan Mayu. Lalle yana yin shinge mai kyau, mata kuma su amfana da ganyensa. Aguwa ta fi dacewa da gona, don ruwanta yana cutar da idon yara.

Lokacin dashe shi ne tsakiyar damana, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi. A haƙa rami mai zurfin rabin mita, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a kewaye dashen da ƙaya ko birgi saboda awaki. Iccen da ya shekara 10 yana ba da inuwa dukiya ce da mai saye ba zai iya sayowa a kasuwa ba, kuma yakan sa ta cikin lissafinsa.

Takarda ta fi fenti

Gida mai kyau da babu takarda rigima ce ake sayarwa. A cikin gari, filin da hukuma ta yanka yana da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, kuma wadda ta fi ta ƙarfi ita ce takardar mallaka ta dindindin, wadda ma'aikata ke kira titir fonsiye. A karkara, dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ke rubuta ciniki su ba da shaida. Ya kamata mai gida ya tabbata sunan da ke bisa takarda nasa ne, iyakokin da aka rubuta kuma su ne na ginin. Ya biya bashin ruwa, da na kuran, da haraji, ya ajiye rasit. Idan akwai ƴan haya, a sanar da su da wuri.

Gidan gado ya fi kowane bukatar hattara. Ba a sayar da shi sai da yardar dukan magada, maza da mata, na gida da na tafiya, kuma a rubuce. A yanke la'adar dillali tun kafin a soma ciniki. A biya kuɗi gaban shaidu, kuma inda hali ya yi, gaban noter, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki.

Saura maganar gaskiya. Shari'ar Musulunci ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin abin da yake sayarwa, ta kuma ba mai saye damar mai da shi idan an ɓoye masa. Ɗakin da ke yoyo, bangon da gara ta ci, tsakar gidan da ruwa ke kwanciya, duk a faɗe su, a rage kuɗi gwargwadonsu. Damana mai zuwa za ta tona abin da fenti ya rufe, kuma a lokacin akwai iyalin wani a ƙarƙashin wannan rufi.

Saboda haka wanda ke da niyyar sayar da gida nan da shekara biyu ko uku, yanzu ne lokacin kiran magini, da neman irin dashe, da zuwa ma'aikatar magajin gari. Wanda kuma ba shi da niyyar sayarwa, aikin nan bai faɗi ƙasa ba: shi da iyalinsa ne za su sha inuwar.