Yadda Ake Bin Sawun Fursunoni da Kwamfuta a Ƙasar Ghana

Gabatarwa

Idan aka kama mutum a Maamobi ko Nima, wato unguwannin Zango na birnin Accra, tambayar farko da danginsa ke yi ita ce: yana ina? Amsar takan canza daga rana zuwa rana. Yau yana ofishin 'yan sanda na Nima, gobe an kai shi kotu, jibi kuma alƙali ya tura shi gidan yarin Nsawam, a arewacin Accra, ya jira shari'a. A kowane mataki akwai takardar da ya kamata ta bi shi. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa idan mutum ya rabu da takardarsa, da kuma yadda ake amfani da kwamfuta don hana hakan.

Wasu kalmomi

Kafin mu shiga bayani, yana da kyau ɗalibi ya san wasu kalmomi. Wurin da ake tsare masu laifi ana ce masa kurkuku ko gidan yari. Yari sarauta ce ta gargajiya, shi ne mai kula da ɗaurarru a ƙarƙashin sarki. A Nijar an fi cewa gidan kaso, a Nijeriya kuwa tun bayan dokar 2019 ana jin gidan gyaran hali. Ma'aikacin gidan shi ne gandiroba. Sai kuma a bambanta ɗaurarre, wanda kotu ta yanke wa hukunci, da mai jiran shari'a, wanda doka ba ta riga ta same shi da laifi ba. Na biyun nan shi ya fi shiga haɗarin a manta da shi.

Abin da doka ta tanada

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin awa 48, in ba haka ba a sake shi. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ranakun Asabar da Lahadi da na hutu suna cikin lissafin. Haka kuma a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da ake kira Ƙa'idojin Mandela. Sun tanadi cewa kowane gidan yari ya ajiye bayanan mutanen da ke cikinsa, ko dai a kwamfuta ko a littafin rajista mai lambobin shafi da sa hannu. Daga cikin abin da za a rubuta akwai sunan mutum, da dalilin tsare shi, da rana da sa'ar da ya shigo ko ya fita ko aka canza masa gida, da duk raunin da aka gani a jikinsa, da kayansa, da sunan ɗan'uwan da za a nema idan wani abu ya faru.

Matsalar takarda

Shekaru da yawa aikin ya dogara ne kan littafi da fayil. Fayil ɗin bincike yana hannun ɗan sanda, takardar tsarewa tana gidan yari, ranar zama kuma tana littafin kotu. Idan aka yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki, ko fayil ya ɓace, sai shari'a ta tsaya cak. Wa'adin takardar tsarewa ya ƙare, babu mai sabunta ta, babu kuma mai zuwa ɗaukar mutumin zuwa kotu. Ta haka aka samu waɗanda suka shafe shekaru suna jira, wasu har fiye da ɗaurin da za a yi musu da an same su da laifin. Abin ya fi taɓa talaka, wanda ba shi da lauya ko mai tsaya masa beli.

Saboda haka a 2007 aka soma wani shiri mai suna Adalci ga Kowa, inda alƙalai ke zuwa cikin gidajen yari, kamar na Nsawam, su zauna su duba ƙarar masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya. Wasu a sallame su, wasu a ba su beli, wasu a yanke musu hukunci. A lokacin, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar masu jira ne, kuma adadin ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Sai dai wannan magani ne bayan ciwo ya kama.

Shigowar kwamfuta

A 2018 gwamnatin Ghana, tare da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ta ƙaddamar da tsarin bin sawun ƙararraki ta kwamfuta. Manufarsa ita ce haɗa 'yan sanda, da kotuna, da ofishin Babban Lauyan Gwamnati, da hukumar gidajen yari, da hukumar ba talakawa lauya a kan rumbun bayanai guda, a riƙa bin ƙara tun daga kamu har zuwa hukunci.

Irin wannan tsari yana da ginshiƙai uku. Na farko, a ba mutum da ƙararsa lambar da ba ta canzawa. Wannan na da muhimmanci a unguwannin Zango, inda suna ɗaya kan zo da rubutu iri-iri. Wanda ɗan sanda ya rubuta Issah, akawun kotu na iya rubuta shi Isa, ga shi kuma unguwa ta san shi da wani laƙabi dabam. Hoto da zanen yatsa su ke raba gardama. Na biyu, a shigar da kowane motsi: daga wane ɗaki zuwa wane ɗaki, zuwa kotu, zuwa asibiti, ko canji daga Nsawam zuwa gidan yari mai tsananin tsaro na Ankaful. Idan gandirobobi suka yi ƙidaya, sai a gwada da abin da ke cikin na'ura. Na uku, na'ura ta riƙa lissafin kwanaki, ta nuna wanda ranar kotunsa ta zo, da wanda wa'adin tsarewarsa ya cika. A wasu gidajen yari na Amurka har wani abin hannu mai aika sigina ake ɗaura wa fursuna, wanda ke nuna sashen da yake a kowane lokaci.

Iyakar abin da na'ura za ta iya

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka shigar mata. Idan babu wutar lantarki ko intanet a ofishin 'yan sanda, ko jami'i ya yi sakaci, mutumin da ba a rubuta ba ya ɓace wa tsarin ke nan tun daga farko. Idan kuma aka yi kuskure wajen rubuta kwanan wata, kuskuren zai isa kowane ofishi lokaci guda. Akwai kuma batun sirri. Ƙa'idojin Mandela sun ce bayanan fursuna amana ne, ba mai ganin su sai wanda aikinsa ya buƙata, kuma a riƙa ajiye shaidar duk wanda ya buɗe ko ya gyara su.

Kammalawa

A taƙaice, bin sawun fursuna yana da fuska biyu. Yana taimaka wa hukuma ta hana tserewa, yana kuma kare wanda ke tsare daga mantuwa. Don haka shawarar da za a ba dangi a Maamobi ko Nima ita ce su riƙe abu huɗu tun ranar farko: sunan ɗan'uwansu yadda aka rubuta shi a ofishin 'yan sanda, da lambar ƙara, da sunan kotu, da ranar zama na gaba. Da waɗannan ne lauya ko jami'i zai iya nemo shi, a littafi ne ko a kwamfuta.