Su Wane Ne Ke Jan Ragamar Manyan Asibitocin Amurka?

Wani bincike da aka wallafa a shekara ta 2023 ya nuna cewar 'yan banki da masu zuba jari su ne suka fi rinjaye a kwamitocin gudanarwa na fitattun asibitocin Amurka, yayin da likitoci da ma'aikatan jinya suka zama 'yan tsiraru.

Majiyyacin da aka kwantar a asibiti yana ganin likita da ma'aikaciyar jinya da mai ba da magani, amma da wuya ya taɓa yin ido biyu da mutanen da ke yanke shawara a kan yawan ma'aikatan da za a ɗauka a ɗakin da yake kwance. Waɗannan mutane su ne 'yan kwamitin gudanarwa. Su ne ke naɗa shugaban asibiti su kuma tsige shi, su amince da kasafin kuɗi, su yanke shawarar buɗe sabon sashe ko rufe wanda ba ya kawo kuɗi. Fiye da rabin asibitocin jama'a a Amurka na ƙungiyoyi ne da ba na neman riba ba, kuma a akasarinsu gwamnati ba ta da hannu a naɗa kwamitin. 'Yan kwamitin ne da kansu ke zaɓen wanda zai maye gurbin wanda ya sauka.

Binciken, wanda Suhas Gondi da Sanjay Kishore da Michael McWilliams suka gudanar, ya duba asibitoci 20 da mujallar US News and World Report ta sa a sahun gaba. Daga cikinsu 15 ne suka bayyana sunayen 'yan kwamitinsu, inda aka tantance sana'ar mutane 529. Kimanin kashi 44 cikin 100 sun fito ne daga harkar kuɗi, kuma mafi yawansu shugabanni ne a manyan bankuna da kamfanonin zuba jari da na juya dukiyar attajirai. Ma'aikatan lafiya gaba ɗaya ba su kai kashi 15 cikin 100 ba, kusan dukkansu kuma likitoci ne. Ma'aikatan jinya kuwa, waɗanda su ne rukuni mafi yawa a kowane asibiti kuma su ne ke kwana da marasa lafiya, ba su cika ko kashi ɗaya ba. Wato dai kimanin mutum biyar ke nan.

Me ya sa masu kuɗi?

A haƙiƙa dai akwai dalilai masu ƙarfi da suka kawo haka. Babban asibiti a Amurka yakan juya dubban miliyoyin daloli a shekara. Yana cin bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni domin gina sabbin sassa, yana ciniki da kamfanonin inshora a kan farashin kowane aiki, yana kuma da ajiyar da ake zuba ta a kasuwar hannayen jari. Likitan da ya ƙware a fiɗa ba lallai ba ne ya iya karanta irin waɗannan takardu.

A baya ga haka akwai maganar gudummawa. Alal misali Kenneth Langone, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sayar da kayan gini na Home Depot, ya shafe fiye da shekaru 20 yana shugabantar kwamitin asibitin jami'ar New York. Ya zuwa shekara ta 2008 gudummawar da shi da mai ɗakinsa suka ba wa asibitin ta kai dala miliyan 200, kuma yau sunansa asibitin ke amsawa. Kujera a kwamitin babban asibiti abin alfahari ce ga attajiran birni, shi kuma asibitin yana sa ran wanda ya ba wa kujerar zai buɗe aljihu, ya kuma janyo abokansa.

Kazalika ana ɗari-ɗari da likitocin da ke aiki a asibitin. Hukumar haraji ta Amurka, wadda ke yafe wa irin waɗannan asibitoci haraji, tun shekara ta 1969 ta sanya samun kwamitin da aka ɗebo daga cikin al'umma a jerin alamun da ke nuna cewar asibiti na yi wa jama'a hidima ne. Likitan da ke karɓar albashi a wurin, in ya zauna a kwamiti, zai zama yana sa ido a kan shugaban da ke sa ido a kansa. Sai dai wannan uzuri bai hana a gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya daga wani asibitin dabam ba, ko wanda ya yi ritaya, abin da ba kasafai ake yi ba.

Alhakin da ke wuyansu

Aikin kwamitin bai tsaya ga kuɗi ba, kuma kotu ce ta tabbatar da haka. A shekara ta 1960 wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya karye a ƙafa wajen wasan ƙwallo a jihar Illinois. Aka ɗaure ƙafar da filasta a wani ƙaramin asibiti, ɗaurin ya matse, jini ya daina gudana. Yatsunsa suka kumbura suka yi baƙi, wari ya fara tashi, amma ba a kai maganar ga mahukuntan asibitin ba balle a nemo ƙwararre, har sai da aka yanke ƙafar. Asibitin ya ce laifin likita ne, shi wuri kawai ya bayar. A 1965 kotun ƙolin jihar ta yi watsi da wannan hujja, ta ce asibiti shi kansa yana da alhakin irin kulawar da ake ba wa majiyyaci a cikinsa.

To ko 'yan kwamitocin sun ɗauki wannan nauyi? Ashish Jha da Arnold Epstein na jami'ar Harvard sun tambayi shugabannin kwamitoci fiye da 700, suka wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda suka sa ingancin jinya a cikin manyan abubuwa biyu da suke sa wa ido ba su kai rabi ba, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na kwamitocin suka taɓa samun horo a kan batun. Wani abin mamaki shi ne, a asibitocin da alƙaluma suka nuna suna can baya, babu shugaban kwamiti ko ɗaya da ya ce asibitinsa ya gaza matsakaici. Fiye da rabinsu ma cewa suka yi sun fi sauran. Ba ƙarya suka shara ba bisa ga dukkan alamu, rashin sani ne, domin wanda bai san abin da zai tambaya ba duk rahoton da aka miƙa masa zai karɓa.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin ma'aikatan jinya a Amurka suka haɗa kai a 2014 da burin ganin 'yan uwansu 10,000 sun samu kujeru a kwamitoci dabam-dabam kafin 2020.

Darasin Stafford

A Ingila doka ce ta tanadi abin da ake fafutukar samu a Amurka. Dokar hukumar lafiya ta ƙasa ta 2006 ta wajabta wa asibitocin gwamnati masu cin gashin kansu su sa likita ko likitan haƙori ɗaya, da ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ɗaya, a cikin daraktocinsu. Amma abin da ya faru a asibitin garin Stafford tsakanin 2005 da 2009 ya nuna cewar kujerar kaɗai ba ta wadatar ba.

Kwamitin asibitin ya ɗora wa kansa tsimin fam miliyan 10 a shekara guda domin ya cancanci matsayin cin gashin kai, wanda ya samu a 2008. Aka soke guraben aiki fiye da 150 alhali dama ana ƙarancin ma'aikatan jinya. Masu bincike sun tarar da cewar akan bar tsofaffi cikin ƙazantarsu na tsawon sa'o'i, kuma a sashen gaggawa ma'aikatan karɓar baƙi, waɗanda ba su da horon lafiya, su ne ke tantance wanda za a fara dubawa. Duk wannan ya faru akwai babban likita da shugabar ma'aikatan jinya a teburin daraktoci. Lauya Robert Francis, wanda ya jagoranci binciken da aka fitar a watan Fabrairun 2013 tare da shawarwari 290, ya ɗora babban laifin a kan kwamitin, saboda ya fifita alƙaluman kuɗi, bai kuma saurari koke-koken majiyyata da na ma'aikatansa ba.

Bayan rahoton, a 2014 gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙa'idar tantance cancantar duk wanda zai zama darakta a asibitocinta. Wani bita da lauya Tom Kark ya yi a 2019 ya gano cewar ƙa'idar ba ta hana daraktan da ya gaza a wani asibiti komawa wani ba, ya kuma ba da shawarar a fayyace irin ilimin da ake bukata daga kowane ɗan kwamiti, ko daga banki ya fito ko daga ɗakin fiɗa. Sabon tsarin tantancewar ya fara aiki a ƙarshen watan Satumban 2023.