Dalilin Da Ya Sa Wani Magani Ba Ya Narkewa Cikin Ruwa

Ko wane malami ya san in an zuba sukari cikin shayi mai zafi nan da nan ya ke narkewa, in kuwa cikin ruwan randa ne sai an yi ta motsawa. To, wannan al'amari shi ne babban abin da ya ke damun masu haɗa magunguna, domin jariri ba ya iya haɗiye ƙwaya, tilas a narkar da magani a ba shi da cokali. Ga shi kuwa magunguna da yawa ba su shiri da ruwa.

Mu ɗauki farasitamol, maganin zazzaɓi da ciwon kai. Giram ɗaya nasa ba ya narkewa sai cikin ruwan sanyi wajen mililita 70. In tafasasshen ruwa ne, 20 sun isa. In kuwa tatacciyar barasa ce, wadda masana su ke kira itanol, 7 kaɗai. Abin mamaki kuma, in an surka barasar da ruwa kaɗan, misali kashi ɗaya ko biyu cikin goma, sai ta narkar da shi fiye da barasa zalla.

Wanda ya kafa tushen gane wannan shi ne Willard Gibbs, wani malamin jami'ar Yale a Amurka, cikin rubutun da ya yi tsakanin 1875 da 1878. Bisa ga ƙa'idarsa, abu biyu ne su ke ja-in-ja a cikin kwalba. Na farko zafi. Ƙananan ƙwayoyin magani, waɗanda ido ba ya gani, suna manne da juna kamar tubalan gini, ba su rabuwa sai an biya da zafi. Na biyu kuwa halin bazuwa, watau ko wane abu ya fi saurin watsewa da zama cikin sahu, kamar 'yan makaranta in an buga ƙararrawar tashi. Gwargwadon zafin wuri, gwargwadon ƙarfin wannan hali na biyu. Shi ya sa tafasasshen ruwa ya fi na sanyi narkarwa. Daga baya Van't Hoff, mutumin Holan wanda ya fara samun kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai a 1901, ya nuna in an auna narkewar abu a zafi dabam dabam ana iya lissafa yawan zafin da ya ke sha.

To, ina amfanin barasa? Ƙwayar farasitamol fuska biyu gare ta, ɗaya tana son ruwa, ɗaya kuwa halin mai gare ta. Cikin ruwa zalla sai ƙwayoyin ruwa su jeru su kewaye fuskar nan ta mai, su tsaya cik kamar dogarai, wannan jeruwa kuwa ita ce ta ke hana bazuwa. Ita barasa kanta irin na ruwa ne, wutsiyarta irin ta mai, saboda haka ta ke zama kamar tafinta tsakanin baƙo da mai gida. Ɗan ruwan da aka surka kuma shi ke riƙe ɗaya fuskar.

Daga nan akwai darasi ga ko wane magidanci. In aka ƙara wa irin wannan magani ruwa don ya yi auki, ko sanyi ya buge shi ƙwarai, maganin yana iya komawa gari ya kwanta a gindin kwalba. Cokalin farko ba ƙarfi, na ƙarshe kuwa ya wuce kima.

Amma babban haɗari yana wajen neman abin narkarwa mai araha. A 1937 wani kamfani a Amurka ya rasa abin da zai narkar da maganin salfanilamaid, sai ya zuba shi cikin dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi dangin barasa, wanda ya ke narkar da magani sarai amma ya ke kashe ƙoda. Fiye da mutum 100 suka mutu. A 1938 gwamnatin ƙasar ta kafa doka, ba a sayar da sabon magani sai an tabbatar ba ya cutarwa.

Mu ma abin ya same mu. A 1990 yara 109 suka rasu a Nijeriya, yawancinsu wajen Jos da Ibadan, don an sa wannan guba cikin farasitamol na ruwa maimakon furofilin gilaikol, wanda shi ne na kirki. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, duk da haka tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka salwanta saboda wani maganin fitar haƙori.

Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna, ku da jama'a su ke kawo wa takarda ku karanta musu, ku duba lambar hukuma da ranar lalacewa a jikin kwalba, ku hana surka magani da ruwa sai da umurnin likita. Yaron da ya sha magani kuma fitsarinsa ya ɗauke, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.