Na'urar farfaɗo da zuciya a gida: wa zai ɗauko ta?

A filin lafiya na wannan mako mun amsa tambayar wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke kai-komo tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ya ce likita ya tabbatar wa mahaifinsa ciwon zuciya, kuma ya ji labarin wata na'ura da Turawa ke ajiyewa a gida saboda masu irin wannan ciwo. Shin ya saya? Ga abin da muka faɗa, don kai ma da ba ka samu saurare ba.

Ka fara sanin aikinta. Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki tata ta kanta. Wani lokaci wutar sai ta rikice, zuciya ta koma karkarwa kawai, ba ta tura jini. Nan take mutum ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Na'urar, wadda ake kira AED, tana da faifai biyu da ake manna wa a ƙirji. Ita da kanta za ta duba zuciyar, in ta ga irin wannan karkarwa, sai ta sake mata wuta don ta dawo kan bugunta. Tana magana, tana gaya maka abin yi. Masu kallon ƙwallo za su tuna Christian Eriksen na Denmark da ya faɗi a fili a 2021. Danna ƙirji da wannan na'ura aka yi masa cikin 'yan mintoci, Allah ya tashe shi.

To, tunda a gida aka fi samun tsayawar zuciya, sai Amurka ta amince a 2004 a riƙa sayar da wata irinta ba tare da takardar likita ba. Likitoci kuma suka gwada, suka fitar da sakamako a 2008. Sun bi mutum 7,001 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe. Duka iyalansu an koya musu kiran motar asibiti da danna ƙirji, amma rabi kaɗai aka ba na'urar. Bayan kimanin shekara 3, yawan waɗanda suka rasu kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Me ya jawo? Da yawa zuciyar ta tsaya musu suna barci, ko ba kowa kusa. Wasu kuma ga mutum, ga na'ura, amma ba a ɗauko ta ba. Ka ga ke nan na'ura ba ta tashi da ƙafarta. Sai da idon da ya gani, da hannun da ya iya.

Ga abin da ake koya wa iyali, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar ko sisi.

Ka jijjiga kafaɗarsa, ka kira sunansa. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, to zuciya ce. Kar jan numfashi mai kama da minshari ko shaƙuwa ya ruɗe ka, wannan ba numfashi ba ne. Kar ka ɗura masa ruwa, kar ka zaunar da shi. Nuna mutum ɗaya ka ce, “Kai, nemo mota da ma'aikacin lafiya,” wani kuma ya ɗauko na'ura in akwai.

Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Durƙusa, ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu. Danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan sau biyu kowace daƙiƙa. In ka gaji, wani ya karɓa nan take. Ko haƙarƙari ya yi ƙara, ci gaba, don karaya tana warkewa. Ƙwaƙwalwa kuwa mintoci 4 zuwa 6 ba jini sun isa ta fara lalacewa.

In na'ura ta iso, kunna ta, buɗe riga, share gumi. Faifai ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗayan a gefen hagu ƙasa da hammata. In ta ce a janye, kowa ya ɗauke hannu. Da ta saki wuta, koma kan dannawa. Ko ya farfaɗo, asibiti ya zama dole.

Shawararmu ga mai tambaya, da kai mai karatu, ita ce ka fara da likitan da ke duba baba, shi ya san ko yana cikin masu wannan haɗari. Na'urar takan haura dala 1,000, batir da faifanta suna da ranar ƙarewa, kuma ba ta son zafin rana. Kafin kuɗi su fita, ka roƙi ma'aikatan gidan likita mafi kusa su nuna wa iyalinka danna ƙirji a aikace. A haɗa da mata, don su ne ke gida sa'ad da kake kasuwa ko ka tafi mashekari da shanu, kuma in uwar gida ce ta faɗi, 'yar'uwarta mace ba za ta tsaya jin nauyin buɗe mata ƙirji ba. A maimaita lokaci-lokaci, saboda hannu yana mantuwa. Mai hawan jini kuma kar ya bar maganinsa don ya ji sauƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren nan, ka tara mutanen gidanka ka tambaye su: in baba ya faɗi yanzu, wa zai danna, wa zai nemo mota? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.